Hannun Hagun Uwani

Akwai wani labari da kuka daɗe kuna maimaitawa a gidan nan, duk sa'ad da kuka taru da sallah tsakar gida ta cika da jikoki. Wai yayarku Uwani, ranar da aka zo zaɓen yaran da za su tafi Kano wasan faifai, tsoro ya kama ta, hannunta ya yi rawa, ta wurga faifai cikin gonar dawa. Ku yi ta dariya har da riƙe ciki, ita ta yi murmushi ta tashi ta shige madafa, ni kuma in gyara zaman hulata kamar ban ji ba. Faifan ya faɗa gonar dawa, wannan gaskiya ne. Sauran duk ƙarya ce, kuma ni na bar ta ta yi jijiya a gidan nan saboda tana rufa mini asiri. Yanzu na ajiye aiki, ido ya fara hazo, ba na so in shiga kabari in bar ku kuna yi wa 'yar'uwarku dariya a kan laifin ubanku. Ku karanta wannan babi a zaune.

Zan fara da abin da babu wanda ya sani a cikinku. Ni bahago ne, haka Allah ya halicce ni. A tsohon garinmu, wanda yanzu kifi ke yawo a kasuwarsa ƙarƙashin ruwan Tiga, da hagu na fara ɗaukar komai. Mahaifiyata, Inna, ta riƙa ɗaure mini hannun a ƙugu da ɗankwalinta tun safe har la'asar, in na zare shi muciya ta sauka a kan yatsuna. Da aka kwaso mu a manyan motoci aka sauke mu nan ƙasar Bebeji, abin ya ƙara tsanani. Mutanen da muka tarar suna kallon yadda muke ci, yadda muke gaisuwa, yadda muke binne mamatanmu, suna neman abin faɗa a kan baƙin da ruwa ya koro. Inna kuwa mace ce mai zuciya, ta fi yarda ta kwana da yunwa da a ce an nuna gidanta da baki.

"Ruwa ya ci garinmu," in ji ta, "bai ci tarbiyyarmu ba. Ba za a ce mutanen dam ba su san dama da hagu ba."

Ta gyara ni kuwa. Abin da na samu a ciki shi ne wannan rubutu kamar tafiyar kaza da kuke yi wa tsiya, da i'inar da ke shaƙe ni duk lokacin da raina ya ɓaci ko tsoro ya kama ni. Ni da alli ba mu taɓa shiri ba, shi ya sa da na zama malamin firamare na gudu fili, na ƙare rayuwar aikina ina malamin motsa jiki, da usur a wuya.

Da aka haifi 'yata ta fari na sa mata sunan Inna, don haka ba na iya kiran sunan, sai Uwani. Kun san yadda takwara take a wurin tsohuwa: tun ranar suna yarinyar ta zama tata, mu iyaye muka koma 'yan kallo. Uwani tana fara zama ta miƙa hannu za ta ɗauki ludayi. Da hagu. Ina tsaye a ƙofar ɗaki, a kan idona aka yi.

"Malam, ka ga abin da na gani?" in ji Inna.

"Na gani, Inna."

"Mai sunana ba za ta miƙa wa mutane hagu ba. Na gyara ubanta, ita ma zan gyara ta."

Ku fahimce ni. Ban taɓa jayayya da ci da dama ba, ko miƙa wa babba abu da dama; wannan addini ne da ladabi, kuma Uwani ta koye su tun ba ta iya magana sosai ba. Sai dai Inna ba ta tsaya nan ba. Tsintsiya, allura, fensir, jan guga, har korar kaza, duk da dama. Mahaifiyarku Rakiya ta same ni sau ɗaya a kan maganar.

"Malam, ci da sha na yarda. To shara fa? Wane littafi ya ce a yi shara da dama?"

"Ki bar Inna da takwararta," na ce, na ɗauki takalmina na fita. Na iya fita ƙwarai, duk rayuwata ba abin da na ƙware a kai kamar fita daga ɗaki in magana ta yi nauyi.

Shekarar da Uwani take aji biyar, wata ƙungiya ta kawo wa makarantun yankinmu wani sabon wasa. Faifai ne na roba mai kauri, da kwando na ƙarfe a kan sanda, an rataye masa sarƙoƙi. Yaro ya tsaya nesa ya jefa, inda faifan ya faɗi daga nan zai sake jefawa, har ya shiga kwando. Wanda ya yi jifa mafi kaɗan shi ya ci. Aka tara mu malaman fili a Tudun Wada kwana uku, wani matashi daga Kano, Malam Nura, ya koya mana. Abu ɗaya ya yi ta nanatawa: kada yaro ya taɓa faifai sai ya ɗumama jiki, in ba haka ba kafaɗa za ta goce. Ya ba mu wani littafi cike da wasannin yaran wata ƙasa, na duba hotunan na sa shi ƙarƙashin katifa. Yaranmu suna da nasu. Da langa muke farawa, kowa ya riƙe ƙafa ɗaya ya yi ta tsalle har gumi ya karyo. Sai shirwa da 'yan tsaki, a yi ta zulliya a fili. Sai kuma jifan birgi, ragar nan da masunta ke watsawa: rabin yaran 'ya'yan masunta ne, in na ce musu su juya ƙugu kamar za su watsa raga a kan garken karfasa, nan take jikinsu ya gane abin da littafi ya kasa faɗa. Na yi alfahari da wannan, har yau ma ina yi.

Uwani ta shiga, domin wasa ne da ba a taɓa juna, iyaye ba su hana 'yan mata ba. Da dama take jifa, kamar mai watsa ruwan wanke-wanke. Faifan ya tashi a karkace ya kife gabanta. Wata rana bayan an tashi, na aike ta ta tattara faya-fayan, na zagaya bayan aji in kulle ɗakin kaya. Ina dawowa na hango ta ita kaɗai a tsakiyar fili. Ta waiga, ba ta ga kowa ba, ta mayar da faifan hannun hagu, ta juya ƙugu ta sake shi. Ya miƙe sambal, bai ko girgiza ba, ya ratsa rabin filin, sai ƙarar sarƙa. Ta juyo ta gan ni, ta ɓoye hannun a bayanta kamar ta saci nama.

"Baba, don Allah kada ka gaya wa Inna."

Na tsaya ina kallonta, daɗi da tsoro suka haɗe mini wuri ɗaya. Namijin da ya cika namiji, ranar nan zai je ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya ce, Inna, jifan faifai ba ci ba ne, ba gaisuwa ba ne, ki bar mini ita. Ni dabara na yi. Daga ƙofar gidanmu ana hango filin makaranta, Inna kuma kullum tana zaune gindin darbejiyar bakin ƙofa da farantin gyaɗarta, ba abin da ke wuce mata. Sai na ƙirƙiro wasa na huɗu na ɗumama jiki, na sa masa suna Dama-hagu. Yara su yi da'ira, in na busa usur sau ɗaya su jefa wa juna da dama, in na busa sau biyu su jefa da hagu, a ƙarshe kowa ya nufi kwando da hannun da usur ya tsaya a kai. In duk yara talatin suna jifa da hagu, wa zai tsinci 'yata a ciki?

Kwana biyu Inna ta kira ni.

"Wannan wane irin wasa ne kake koya wa 'ya'yan mutane jifa da hagu?"

"A littafin da aka ba mu yake, Inna. Don kada kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi."

Ta jawo farantin gyaɗarta gabanta.

"To, in dai kowa yana yi."

Haka muka yi zango guda. Minti goma a rana, shi ne rabon Uwani da hannun da Allah ya ba ta. Da an gama a koma wasan gaske, ta mayar da faifai dama, ta koma mai watsa ruwan wanke-wanke. Amma waɗannan mintoci goma, kai! Ban taɓa ganin yarinyar nan tana dariya da dukan fuskarta ba sai a cikinsu. Na riƙa jan wasan, ina yawaita busa biyu, har yara suka fara ƙorafi, "Malam, yaushe za mu fara na gaske?" A hanyar gida ita ke riƙe mini jakar faya-fayai, tana surutu kamar an kunna rediyo, yarinyar da a gida sai a wuni ba a ji muryarta ba. Ni kuma ina ta yaba wa kaina wayo, ina ganin na ba kowa nasa, uwa da 'ya.

Da labari ya zo cewa Malam Nura zai zo filinmu ya zaɓi yaran da za su je Kano, ta tsaya a hanya ta ajiye jakar.

"Baba, ranar zaɓe da wanne zan jefa?"

"Da wanda kika iya."

"Inna fa?"

"Zan yi mata magana kafin ranar. Na yi miki alkawari."

Sau uku ina shiga ɗakin Inna bayan la'asar da maganar a bakina. Sau uku i'ina ta kama ni tun a "Inna, dama". Na farko na ƙare da zancen rufin ɗakinta da ke yoyo, na biyu da ciwon gwiwarta, na uku ban ma zauna ba. Uwani ba ta sake tambayata ba, ta ɗauka ubanta in ya ce zai yi, ya yi.

Ranar ta zo da kaka, dawa ta fi mutum tsawo a gonar da ke gefen fili. Yara suka zo daga Ƙofa, da Kiru, da Tudun Wada, har da wasu daga Doguwa a bayan a-kori-kura. Aka jera benci, dagaci ya zauna da dattawan gari. Hedimasta ya sa aka kawo wa Inna kujera a inuwa, a matsayinta na uwar malamin da ya horar da masu masaukin baƙi. Ta sha mayafinta na zuwa biki, ta zauna tana amsa gaisuwa. Tun da aka sauke mu a garin nan ban taɓa ganin an zaunar da ita a jere ɗaya da matan asalin gari ba sai ranar.

Malam Nura ya ce in nuna wa baƙi yadda muke ɗumama jiki. Muka yi langa, dattawa suka yi ta dariya suna tuna ƙuruciya. Muka yi shirwa, muka yi birgi, ya tafa mini. Na so in tsaya nan, wallahi na so, amma yaran suka ɗauki ihu, "Dama-hagu, Malam! Dama-hagu!" Na busa. Usur na ƙarshe, da bakina ya saba, sau biyu ya fita. Faya-fayai suka watse ko'ina, wasu a ƙasa, wasu a kan benci. Guda ɗaya ya tafi kai tsaye ya daki sarƙa.

"Tsaya!" in ji Malam Nura. "Wa ya jefa wancan?"

Yara suka nuna ta. Ya ja ta baya taku goma ya ce ta sake. Ta sake, ya shiga. Ya ƙara ja da ita har kusa da rijiyar makaranta, ta sake, faifan ya daki sarƙa ya zauna. Fili ya ɗauki sowa. Malam Nura yaron birni ne, bai san ƙasar da yake takawa ba, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Malam, ashe bahaguwa kake ɓoye mana! Wannan ai ita ce ta farko a mota. Da hagu za ta jefa."

Wani dattijo a kan benci ya yi 'yar dariya ya ce da na kusa da shi, "Au, jikar Inna ce bahaguwa?" Ba da wata mugunta ya faɗa ba, na tabbata kafin magariba ya manta. Na dubi Inna. Kallona kawai take, tana naɗe bakin mayafinta a yatsa tana warwarewa. Na dubi Uwani. Tana tsaye da faifai a hagu, fuskarta a sake, tana jiran in faɗi abin da ta ɗauka na riga na gama da Inna.

Ga abin da ya fi ci mini rai har yau. Ni da i'ina ke shaƙe ni in zan faɗi gaskiya, ranar harshena ya miƙe tas, ko tuntuɓe bai yi ba.

"'Yata ba bahaguwa ba ce," na ce. "Wasa ne kawai na ɗumama jiki, kowa yana yi. Da dama take jifa."

"Haba Malam, a wasan nan ba ruwan kowa da hannun da..."

"Na ce da dama take jifa."

Ya dube ni, ya dube ta, ya sunkuya daidai tsayinta.

"Ke fa, 'yan mata? Da wanne kike so?"

Ba shi ta kalla ba, ni ta kalla. Sannan ta mayar da faifan ɗaya hannun a hankali.

"Da dama, Malam."

Ina kusa da ita da ta jefa, ku ji daga bakina: hannunta bai yi rawa ba ko kaɗan. Ta jefa da iya ƙarfinta da hannun da ba nata ba, faifan ya karkace ya lula cikin dawa. Yaran Kiru suka kwashe da dariya, daga nan labarinku ya samo asali. Ita da kanta ta shiga neman sa. Ta daɗe a cikin karan nan, har aka kira sunaye aka gama ba nata. Da ta fito idonta a bushe yake. Ta zo gabana ta durƙusa har ƙasa, ta miƙo mini faifan da hannun dama, kamar yadda ake miƙa wa baƙo ruwa.

A hanyar gida Inna ta dafa kafaɗata ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Malam." Albarkar uwa, wadda kowane ɗa ke nema ido rufe, na same ta ranar, kuma ban taɓa haɗiye abu mai ɗacinta ba. Ni na ɗauki jakar faya-fayai da kaina, daga ranar har na bar aiki. Washegari Rakiya ta tsare ni a zaure.

"Malam, yarinyar nan ba ta yi kuka ba. Shi ne abin da ke ba ni tsoro."

"Yarinta ce, za ta manta."

"Kai ka manta naka?"

Na ɗauki takalmina.

Kada ku ɗauka ina cewa da ta je Kano da ta zama wata abu. Wasan ma bai yi nisan kwana ba. Ƙungiyar ta zo sau biyu ta ɗauki hotuna ba ta sake dawowa ba, kwandunan suka yi tsatsa, sarƙoƙin suka ƙare a wuyan awakin gari. Waɗanda suka je Kano sun sha lemo sun dawo. Ba tafiya na hana ta ba. Na yi mata alkawari a hanya, mu biyu, sannan na musanta ta a gaban gari don kada wani tsoho ya yi dariyar minti ɗaya. Ina jin haushin tsohon nan, ina jin haushin garin da ya sa Inna ta rayu tana tsoron bakin mutane, wani lokaci har Inna nakan ji haushi, Allah ya jiƙanta ya yafe mini. Amma ita da tsoron ta tsufa, ba ta san wata hanya ba. Ni na sani, don an ɗaure nawa hannun.

Uwani ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, da ma ta yi da na samu sauƙi. Gaisuwa a durƙushe, ruwan alwala a kan lokaci, "to, Baba" a kan komai. Surutun nan na hanyar makaranta ne ban sake ji ba. Bayan rasuwar Inna da shekara na tarar da Uwani tana shara da dama, na tsaya na ce, "Uwani, ai yanzu kina iya..." Ta miƙe ta ce, "Iya me, Baba?" I'ina ta kama ni, ta jira ni cikin ladabi har ta ga ba abin da zai fito, ta ci gaba da shararta.

Bara da ƙaramar sallah ta zo da ɗanta, takwarana, wanda kuke kira Abba, lokacin bai cika shekara uku ba. Kuna waje wajen gaishe-gaishe, ba ku ga wannan ba. Ina zaune a tabarma, yaron ya shiga ɗakina ya jawo wani tsohon faifai daga ƙarƙashin gado, shi kaɗai ya rage mini. Ya riƙe shi da hagu, ya juya ɗan ƙugunsa ba wanda ya koya masa, ya sake. Faifan ya miƙe ya ratsa tsakar gida ya daki randa. Na yi dariya har hawaye, na ce a raina Allah ya ba ni dama ta biyu, wannan karon ba Inna, ba benci, ba wanda zan ji tsoro.

Uwani ta fito daga madafa. Ta ɗauko faifan, ta kama hannun yaron ta ɗan doke bayansa, ta sa masa a dama.

"Uwani, bar shi," na ce. "Don Allah ki bar shi, ba laifi ba ne. Ni ne na..."

Ta durƙusa kamar yadda ta saba, kanta a ƙasa, muryarta a kwance.

"Ɗana ba bahago ba ne, Baba. Wasa ne kawai."

Ta juya shi baya ta goya. Ina kallo ta fito masa da hannun dama waje, ta cusa na hagun cikin zani, ta ɗaure tamau.